Shekarar da Na Yabi Gidan Emris

Shekarar 1935 ta same ni a Kadif, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Wales, da riga ɗaya mai kauri da takalmin da ya buɗe baki. Shekara huɗu ke nan ina zuba wa jirage kwal a tukunya, daga Ikko zuwa duk inda Allah ya kai mu, ni Lawan da na tashi a Gure ina jan jigo a garkar babana, ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba. Jirginmu ya sauke kaya aka ɗaure shi, aka ce babu tafiya sai yadda hali ya yi. A cikin wannan shekara wasu mutanen ƙasar suka tsince ni a hanya suka ba ni ci da sha, ni kuwa na kusa raba su da abincinsu, ba da hannu ba, da bakina.

Na sauka a gidan wani tsoho, Baba Tanimu, mutumin Damagaram da ya baro gida tun kafin a haife ni, ya auri ƴar ƙasar, yana ba ƴan jirgi masauki. Da ya ji na ambaci garinmu sai da ya ajiye butarsa.

"Gure? Ta gabas da Zinder? Kai ɗan nan, me ya raba ka da dabino ya kawo ka cikin hayaƙin nan?"

"Neman arziki, Baba."

"To ka makara. Kafin ka shigo ta ƙofar gaba ya riga ya fita ta baya."

Shi ya bayyana mini halin ƙasar. Kwal ne abincinsu, kamar yadda gero yake namu, ga shi an rufe ramuka da yawa, magidanta na zaune ba aiki. Gwamnati tana ba su ɗan taimako kowane mako don kada su mutu. A farkon shekarar aka rage taimakon, sai mutanen kwarurukan da ake haƙar kwal suka fito maza da mata, har da limaman cocinsu, suka cika hanyoyi cikin ruwan sama suna waƙa, har gwamnati ta janye ragin. A Kadif ba a zancen komai sai wannan. Ni dai ko a jikina. A wurina Bature Bature ne, duk dangin kumandan ne, Bafaranshen da ke mulkin Gure, in sun ga dama su cinye junansu.

Da sanyi ya fara sauƙi, sai abin ya zo kaina. Aka ce jirgin da ke son tallafin gwamnati sai ya ɗauki ƴan ƙasa, ni kuwa takardata ta Faransa ce. Kullum in je bakin tasha da sassafe, a dube ni, a dubi takarda, a girgiza kai. Ana cikin haka wani mutum mai haƙorin zinariya ya kama hannuna, ya ce ɗan'uwansa ne shugaban wani rami a can cikin duwatsu, suna neman wanda ya san kwal. Ya rubuta mini wasiƙa, ni kuma na ba shi agogon da na saya a Dakar. Baba Tanimu ya ce, "Ƴan gari na zaune, kai baƙo za a kira? Ka yi hankali." Na ce masa tsufa ne ya sa shi tsoro. Taurin kai dai gado ne a gidanmu, ban ƙi faɗa ba.

Kwana biyu na yi ina tafiya a ƙasa. Ƙasar kwari ce bayan kwari, amma ba irin namu mai rairayi da inuwar dabino ba. Nasu matsattse ne, gidaje a jere manne da juna, baƙaƙen tuddan tarkacen kwal a kansu, ruwa kuma ba ya ɗaukewa. Da na isa ramin na tarar da sarƙa a ƙofa, ciyawa ta fito a kan hanyar ƙarfe har gwiwa. Na zauna a gindin katanga, zazzaɓi ya rufe ni, na ce to Lawan, a nan za a binne ka, ba mai ko yi maka salla.

Wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa ya zo wucewa da buhun tsince-tsincen kwal a baya. Ya tsaya, na miƙa masa wasiƙar. Ya karanta, ya ninke, ya ce cikin Turanci a hankali, "Babu mai wannan suna a nan. Ramin nan shekara uku ke nan a rufe, ni na sani, a ciki na tsufa." Ya ajiye buhunsa a bayan katanga, ya rataya hannuna a wuyansa. Sunansa Emris.

Gidansa ƙarami ne, ɗaki biyu sama, biyu ƙasa. Matarsa Megan doguwa ce marar yawan magana, sai ƴarsu Nesta, budurwa mai kaifin baki wadda ta yi maganar gidan duka. Mako biyu ina kwance suna ba ni shayi da romo. Ranar da na ture kwano na ce ba na cin alade, Megan ta ɗauko wata tukunya ta goge ta da toka har tana walƙiya, ta ce wannan tawa ce. Emris kuma ya nuna mini gabas ta kan wani dutse, tun da rana a can sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba.

Abin da ya fara sa na sake da su harshe ne. Idan suna magana da ni, Turanci suke yi. Idan sun juya wa junansu sai in ji wani yare dabam, mai kauri a maƙogwaro. Na tambayi Emris, ya ce wannan nasu ne na gado, ƙasar ma Kumri suke ce mata, Turancin Ingila na ofis ne da kasuwa. Na yi dariya har tari ya kama ni. Na ce haka muke a gida, Barbarci a tsakar gida, Hausa a kasuwa, Faransanci kuma a bakin mai bulala. Tun daga ranar na daina sa su a kwando ɗaya da kumandan.

Da na warke na ce zan tafi. Emris ya ce, "Ina? Wajen mai haƙorin zinariya?" Ya kai ni wani ɗan fili da aka ba shi a gangaren dutse, inda ya shuka dankalin Turawa yana ruɓewa. Gwani ne a ƙarƙashin ƙasa, amma a bisanta, Allah ya gafarta mini, akuya ta fi shi sanin shuka. Na karɓi shebur. A Gure aikin garka shi ne ka kawo wa shuka ruwa, a nan kuwa sai ka kore shi. Na yanka fangali kamar yadda babana ya koya mini, na ɗaga su sama, na fitar da magudanai suna gangarawa, na zuba kashin tumaki da toka. Kafin rani nasu ya ƙare, in za a kira wannan rani, mun sami dankali da kabeji da wata albasa mai dogon wuya da suke ji da ita. Maƙwabta na kawo ƙwai su karɓi ganye. Da yamma mazan unguwa su zauna a bakin filin su rera waƙoƙin cocinsu, murya a kan murya. Ban san abin da suke faɗa ba, amma sau da yawa sai na juya baya na goge ido, don uwata nake tunawa.

Ga abin da ban sani ba a lokacin, wanda ya kamata mai karatu ya sani. Taimakon nan na gwamnati yana da sharaɗi. Akwai ma'aikacin da ke zagawa gida gida yana duba abin da mutum ya mallaka. In ya ga baƙo yana kwana, sai ya ce ɗan haya ne, a rage. In ya ga mace na sana'a, a rage. In ya ga kayan da za a iya sayarwa, sai an sayar an cinye tukuna. Megan tana da keken ɗinki a ɗakin sama, a rufe da bargo, tana yi wa mutane ɗinki a ɓoye. Ni kaina a ɓoye nake ban sani ba. Duk ranar da labari ya zo cewa mutumin na unguwa, sai Nesta ta miƙo mini buhu ta ce, "Lawan, hau dutse ka samo mana taki, kada ka yi sauri." Ni kuma in tafi ina yaba mata son garka. Kunya ta hana su gaya wa baƙonsu cewa zamansa hatsari ne gare su.

Akwai kuma zancen auren Nesta. Wani saurayi ma'aikacin jirgin ƙasa yana son ta, tana son shi, amma na ji ana cewa danginsa masu ɗan hali ne, suna jan ƙafa. A Gure, kafin a kai gaisuwa, dangin miji sukan turo wani dattijo ya zo kamar mai wucewa, ya sha ruwa, ya dubi rumbu da turke, ya tambayi maƙwabta. Kowa ya san abin da ya kawo shi, kowa kuma ya san aikinsa: a rufa wa gida asiri. Maƙwabci ya aro maka akuya a ɗaure, baƙonka ya rantse bai taɓa kwana da yunwa ba. Na ƙudura a raina duk ranar da irin wannan dattijo ya zo, zan biya Emris alherinsa.

Da kaka, ma'aikatan wani rami a kwarin da ke maƙwabtaka suka shiga ƙasa suka ƙi fitowa sai an biya musu bukata. Kwana da kwanaki suna cikin duhu, mutane na taruwa a bakin ramin suna aika musu abinci. Wata safiya Emris da Megan da Nesta suka ɗauki tukunyar miya suka tafi, unguwar ta zama wayam. Ina ƙofar gida ina wanke albasa sai ga wani dattijo a ƙasa, shi kaɗai, da baƙar riga mai tsabta. Ya cire hula, ya goge takalminsa a bakin ƙofa, ya tambayi masu gida. Na ce a raina, yauwa, ga shi ya zo.

"Sun fita, ranka ya daɗe, amma shigo. Gidan nan ba a mayar da baƙo."

"Kai kuma a nan kake zaune?"

"Wata shida ke nan. Cina, shana, kwanana, duk a wuyan maigida. Sau uku a rana, har tukunya tawa dabam."

"Sau uku," in ji shi, yana murmushi. "Suna da hali ke nan."

Ai kuwa na saki baki. Na ce nama ba ya yankewa a gidan. Na kai shi garka na nuna masa, na ce rabin unguwa daga nan suke ci. Na hau da shi sama na yaye bargon keke, na ce uwargida gwana ce, ɗinki har layi ake yi mata, kuma ta koya wa ƴarta, duk wanda ya auri Nesta ya huta. Na ƙara gishiri iya ƙarfina. Ya fito da ɗan littafi yana rubutu, na ce a raina dattijon nan mai kula ne, ba ya son ya manta ko ɗaya. Ya yi mini godiya har sau biyu. Ranar na yini ina jin kaina kamar wanda ya kai amarya ɗaki.

Bayan mako guda takarda ta zo. Emris ya karanta a tsaye, ya zauna, ya miƙa wa Megan. An yanke taimakon gaba ɗaya. Nesta ta juyo ta dube ni.

"Wani ya zo ranar da muka fita?"

"Kawun saurayinki ya zo, ƙanwata. Kada ki damu, na gyara komai."

"Ba shi da kawu! Me ka gaya masa?"

Na faɗa musu. Ta fara zuba mini magana da Turanci, da bai ishe ta ba ta koma yarensu. Emris ya ɗaga hannu ta yi shiru. Ya ce, "Laifinmu ne, mu ne ba mu gaya masa ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan mutum tun ina yaro. Ni ne mai kora awakin babana can kwarin bayan Kelle duk shekarar da masu ƙidayar jangali za su zo. Amma namu a kan doki suke zuwa, da dogarai da bulala, tun daga nesa ka ji su. Ban taɓa zaton hukuma za ta zo a ƙasa ta cire mini hula ba.

Washegari da safe na sulale na kama hanyar Kadif ban yi sallama ba. Baba Tanimu ya saurare ni har ƙarshe yana taunar goronsa busasshe.

"To yanzu me suke ci?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba. Ka ci tuwon mutane wata shida, ka fasa musu tukunya, ka gudo nan ka ce ba ka sani ba. Ɗan wane gida ne kai a Gure? Faɗa mini in san wanda zan ji wa kunya."

Ya ce irin wannan hukunci ana ɗaukaka ƙara, akwai ranar da ake zama a saurara. Ya ce akwai kuma jirgin Faransa da ake sa rai ƙarshen shekara, zai yi mini magana. "Amma ba ka kwana a gidana sai ka koma ka kwance abin da ka ɗaura. Ka sha shayi ka juya."

Na juya, kwana biyu kuma a ƙasa. Nesta na tarar a garka tana tonon ragowar dankali, an riga an sayar da keken. Ta ce in ba a mayar da taimakon ba, ita za ta tafi London aikatau, iyayenta kuma sai abin da maƙwabta suka miƙo. Ta ce babanta ba zai iya buɗe baki a gaban mutanen ya ce ba shi da komai ba, ya gwammace ya mutu. "Kai ka iya magana, mun gani. In za ka yi, ka faɗa musu gaskiya duka, kada ka rage."

Ranar zama, mutum uku ne a bayan tebur, dattijon nan a gefe da littafinsa. Emris ya sa rigarsa ta zuwa coci, Megan na kusa da shi, maƙwabta sun cika benci. Aka kira ni. Na ce duk abin da na faɗa wa wannan mutum ƙarya ce, na ɗauka mai binciken aure ne, kuma a ƙasarmu baƙon da ya tona asirin maigidansa ba ɗan halak ba ne. Wani ya yi dariya a baya. Na tsakiya cikin mutum ukun ya ce, "To yaya za mu san yau gaskiya kake faɗa?"

Sai na fara. Na ce ban taɓa biyan ko kwabo ba, a kan hanya aka tsince ni. Na ce naman da na gani a gidan ƙashi ne, ana dafa shi kwana uku. Na ce ganyen shayi sau huɗu ake zuba masa ruwa. Na ce su dubi takalmin maigida, kwali ne a ciki. Emris ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin benci, wuyansa ya yi ja. Har yanzu fuskokin mutanen bayan tebur ba su motsa ba. Saura abu guda, wanda na gani ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma na san in na faɗa na gama da mutumin da ya ɗauke ni a wuyansa.

Na ce, "Uwargida ba ta cin abincin rana. Tana zuba mana, ta ce ita ta ci a wajen girki. Ta shafa romo a kwanonta ta ajiye inda za a gani. Na gane ne don uwata ta yi mana haka shekarar fara. Tun da na zo gidan, rabonta nake ci."

Emris ya juya ya dubi matarsa, ya tambaye ta wani abu da yarensu. Ita kuwa hannuwanta kawai take kallo. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban sake ji ba har yau da na tsufa a Gure.

Aka mayar musu da taimakon, da sharaɗin baƙo ya bar gidan. Nesta ba ta tafi London ba. Kwana uku na ƙara kafin in kama hanyar Kadif, azumi ya riga ya shiga, kuma a cikin kwanakin nan Emris bai yi mini magana ba. Ba fushi yake nuna mini ba, in mun haɗu a ƙofa sai ya kauce ya ba ni hanya kamar wani babban mutum, wannan kuwa ya fi mari zafi.

Da safen tafiya Megan ta miƙo mini ƙunshi a tsumma, rabin burodi ne da dafaffen dankali, ta ce in sha ruwa da shi in rana ta faɗi. A gidanmu ba a mayar da guzuri, zagi ne. Amma yanzu na san daga bakin wa ake cire shi. Na tsaya hannuwana a baya, na kasa karɓa, na kasa cewa a'a.

Emris ya taso daga bakin murhu, ya karɓi ƙunshin daga hannunta, ya kamo hannuna ya danna mini shi a tafi.

"Karɓa, Lawan," in ji shi. "Ta ci yau. A kanta na tsaya har ta cinye."